Gwajin PSA da aka yi wa Baba

Baban Ummi: Jama'a, raina a ɓace yake. Baba shekararsa 72, lafiyarsa ƙalau. Aka zo gwajin kyauta a unguwa, aka ɗebi jininsa, aka ce PSA, wato sinadarin jini da ake aunawa don neman alamar ciwon dajin furostet (wata gaɓa a jikin maza), ya haura 4, wai ya yi yawa. Aka tura mu wani asibiti, aka ɗebo tsokar furostet ɗin da allura ta dubura. Kwana biyu sai zazzaɓi da jini a fitsari. Sati guda ina kwana kan tabarma a gefen gadonsa, ni ke zubar da robar fitsarin. Ƙarshe aka ce ba daji ba ne, kumburin tsufa ne. Wallahi wannan gwajin kasuwanci ne.

Malamin asibiti: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Amma kasuwanci? Kai da bakinka ka ce kyauta aka yi.

Baban Ummi: Jinin ne kyauta, yaya. Sauran fa?

Malamin asibiti: To mu da muke kwana a tsaye kan marasa lafiya 'yan kasuwa muka zama ke nan?

Maman Sadik: Ka janye kalmar nan. Kawuna bai taɓa gwaji ba. Ana ta shafa masa man zafi a baya, ashe ciwon ya riga ya shiga ƙashi. Da an gano da wuri, wataƙila da yana nan.

Malam na Zariya: Ku daina yi masa taron dangi. Ko a Amurka, kwamitin da ke duba irin wannan ya ce a 2012 a daina gwajin barkatai. A 2018 ya sassauta: daga 55 zuwa 69 mutum ya shawarta da likita, daga 70 kuma a bari. Wani dajin ba ya saurin girma, amma tiyatarsa na iya barin mutum da yoyon fitsari da raunin mazakuta.

Maman Sadik: Kullum Amurka! A Ingila cewa ake a maza baƙar fata, 1 cikin 4 zai kamu da wannan dajin. Mu ne ai baƙaƙen.

Auta: Wai ciwon mafitsara kuke nufi?

Malamin asibiti: Mafitsara daban, furostet daban. Ƙarƙashinta yake.

Malam na Zariya: A rediyo ma mafitsara suke cewa.

Malamin asibiti: Rediyo asibiti ne?

Auta: Yaya, kai kullum sai ka nuna ka fi kowa sani. Haka ka yi ranar maganar rigakafi.

Baban Ummi: Ni dai tambayata, me ya sa ba wanda ya gaya mana haɗarin allurar kafin a yi?

Shugaban zaure: Ya isa haka. Abin da aka tattauna: gwaji na ceton rai, kamar yadda Maman Sadik ta nuna, kuma ma'aikatan lafiya ba 'yan kasuwa ba ne. Ni kaina na yi nawa bara. Baban Ummi ya ba malamin asibiti haƙuri. An rufe maganar.