Kyauta a likitar gwamnati, amma ordonas a hannu

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Wani abu ya ɗaure mani kai. Tun 2006 aka ce a Nijar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ake duba su, to ɗiyata ta kwana da masassara na kai ta CSI, ƙaramin asibitin gwamnati, gaskiya ba a karɓi ko dala ba, amma sai aka miƙo mani ordonas, takardar sayen magani, wai magani ya ƙare, a farmasi na ajiye jika bakwai. Maƙwabcina ya ce gara in riƙa zuwa kilinik, asibitin kuɗi, tunda dai kuɗin zan kashe. Wai kyautar nan ina take tsayawa?

Tsohon Majo:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya ba ta lafiya. Tun tsarin Bamako na 1987 kuɗin da majinyata ke biya shi ake juyawa a sake sayo magani. Da kyautar ta zo sai ya zamana mu ma'aikatan lafiya mu duba yaro mu ba shi magani, mu cika takardu mu aika sama, mu zauna jiran gwamnati ta biya, wata da watanni shiru, yara kuwa su ne suka fi yawa a layi balle da damina lokacin zazzaɓin sauro. Kes, wato asusun asibiti, ya bushe, da me za ka yi odar magani? Ni da idona na ga kanta ba komai sai kwalayen wofi, uwa tana kallona tana zaton ɓoyewa na yi.

Maman Biyu:
Ni kam kilinik nake zuwa in da hali, lokaci nake saye. Sau da yawa ma likitan da za ka jira tun safe a asibitin gwamnati shi ne za ka tarar da marece a kilinik. Amma ranar da haihuwar ƙanwata ta zo da gardama ai babban asibitin gwamnati suka tura mu da gaggawa. Kuma mai kilinik ba zai je ƙauye ya buɗe ba, wa zai biya shi? Ku duba Madarunfa, ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ce ke taya gwamnati da yaran tamowa.

Bagobiri:
Kar a manta tun 1 ga Satumba 2024 an rage rabin kuɗin duba marasa lafiya a asibitocin gwamnati, haihuwa ta koma kyauta, talaka ya ji daɗi wallahi. Tsorona kawai rabin da aka cire, in ba a mayar ma asibiti shi kan lokaci ba abin da Baba Majo ya faɗa ne zai ƙaru. A Abuja a 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware ma fannin lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, wannan ya kamata mu riƙa tambaya.

Tsohon Majo:
Ɗan Bagalam, kar ka bar CSI, can kane, wato katin rigakafin yara, yake. In an ba ka ordonas ka ce ma mai farmasi jenerik kake so, wato wanda ba shi da tambarin babban kamfani, magani ɗaya ne, kuɗin ne ba ɗaya ba.