Tambaya kan baban Winston Churchill da rigimar kuɗin soja

Ɗan Samaru: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina karanta tarihin majalisar Birtaniya zamanin Sarauniya Victoria sai na ci karo da Lord Randolph Churchill, wai ya ajiye muƙamin ministan kuɗi a 1886 saboda kasafin soja. Da gaske mutum zai bar kujera irin wannan don an ƙi rage kuɗin sojoji? Kuma me ya haɗa shi da Ayilan?

Malam na Kongo: Wa alaikumus salam ɗalibi. Gaskiya ne, a watan Agusta ya hau, kafin Disamba ta ƙare ya sauka. So yake ya rage haraji, sai ya ce dole ma'aikatar yaƙi da ta sojan ruwa su tsuke bakin aljihu, shi kuma W. H. Smith da ke riƙe da ma'aikatar yaƙi ya ce atafau bai yarda ba, to shi ne ya rubuta wa firaminista Salisbury takardar murabus yana zaton za a biyo shi da lallashi, Salisbury kuwa ya karɓa kawai ya ɗora wani ɗan majalisa mai suna Goschen a kujerar. Randolph bai ƙara riƙe minista ba har ya mutu 1895, yana da shekara 45.

Hajiyar Tudun Wada: Malam Allah ya ƙara sani, amma ni dai ban ga aƙida a nan ba wlh, neman ɗaukaka ne. Ku duba abin da ya yi wa 'yan Ayilan mana. Ya zauna a Dublin lokacin da babansa ke wakiltar sarauniya daga 1876, ya ga talaucinsu da idonsa, a 1885 ya yi ta kusantar Parnell, jagoran 'yan Ayilan masu neman mulkin kansu, har aka ce 'yan Ayilan mazauna Ingila su zaɓi jam'iyyar su Randolph. Da Gladstone, firaministan lokacin daga jam'iyyar da ke hamayya da su, ya ɗauko batun ba 'yan Ayilan majalisar kansu, sai ga Randolph a Belfast, a arewacin Ayilan, a Fabrairun 1886 yana zuga Furotesta su bijire. Ƙudurin ya faɗi a watan Yuni, ƙuri'a 343 da 313. Abin nan yana min ciwo, wasa da addini don ƙuri'a mun san illarsa a Kaduna.

Malam na Kongo: Hajiya maganarki kan Belfast ba ta da gyara. Amma zancen kuɗin sojan ina ganin har zuciyarsa ne, don ko bayan saukarsa ya ci gaba da bin diddigin yadda ake kashe su. Ɗansa Winston ma a 1901 ya tashi a majalisa ya soki ƙarin kuɗin soja yana kafa hujja da babansa.

Ɗan Samaru: Na gode ƙwarai. Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne kasafin tsaro ana fito da shi fili a yi ta gardama a kai har minista ya sauka. Malam gobe in Allah ya kaimu zan same ka bayan la'asar, ina da sauran tambaya kan Parnell.