Kulocin babur ɗina mai ƙafa huɗu yana sulɓewa, ku taimaka

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman iyayenmu makanikai. Ina da tsohuwar Honda FourTrax 300 mai ƙafa huɗu, da ita nake kwaso buhunan dankalin Turawa daga cikin gona zuwa bakin titi a wajen Vom. Sati uku ke nan ta hana ni barci.

Da safe, inji da sanyi, lafiya lau take tafiya. Amma da ta yi zafi na kama hawa da kaya a giya ta 3, sai inji ya yi ta kuka, ita kuwa ba ta ja. Har ƙauri nake ji. Wannan samfurin ba shi da hannun kuloci, da ƙafa kawai ake sa giya, kuma kuloci biyu ne a ciki: mai kamawa da kansa idan an ba da wuta, da mai faifai na canjin giya. Wanne ne ya gaji? Nan na tsaya.

Na kwance notin da ke jikin murfin inji na daidaita sukurun kuloci, ba abin da ya canza. Abin da nake zargi shi ne baƙin mai. Yaron da ya yi mini juye, baƙin mai na mota ya zuba, alhali faya-fayan kulocin nan a cikin mai suke kwance, baƙin mai na babur mai alamar JASO MA suke so.

Idan na canza mai yanzu za su dawo, ko sun riga sun ƙone? Kuma da alamar da zan bambance kulocin biyu kafin a buɗe inji? Ba na so in shiga kasuwar Dilimi da ke Jos in sayi abin da ba shi ne ya lalace ba, ga dankali yana jira a gona.

Allah ya saka da alheri.