Birnin da Tambari Ya Cinye: Musayar Waƙa a Kan Logorama

Malam Na-Ƙofa:
Jiya na kalli Logorama, fim ɗin zane na minti 16 da Faransawa uku na kamfanin zane H5 suka fitar a 2009. Da tamburan kamfanoni sama da 2,500 suka gina shi. Barci ya ƙi zuwa sai da na rubuta wannan. Mai amsa ya amsa.

Na shiga birni ban ga ɗan'adam ba,
Gini da mota, kowanne tambari.
Los Anjalas ce aka zana tsaf,
Har tsuntsun sama talla yake wa gari.
'Yan sandansu mutanen Michelin,
Jiki duk taya, ƙatti, farare a jeri.
Wanda suke bi Ronald na McDonald's,
Mai jan gashi, da makamai ya yi shiri.
Shi da aka yi don yara su yi dariya,
Shi ya kama yaro ya jefa shi haɗari.

Hajiya Uwar Biyu:
Malam, gidan namun dajin ya fi taɓa ni,
Can na tsaya, hawaye a idona.
Zakin MGM ke kwance a keji,
Kadan Lacoste, irin na rigar ɗana.
Dabbar da Allah ya yi ba ta da wuri,
Sai wadda kamfani ya sa wa suna.
'Yata ƙarama ba ta gama abacada ba,
Amma ta san alamar bayan wayana.
Da yatsa take nuna ta a titi,
Tun ba ta iya rubuta sunana.

Ɗan Autan Zaure:
Baba Malam, Inna Hajiya, ku gafarce ni,
Ni dai fim ɗin bai kwanta mini ba.
Ina kallo ina ƙirga waɗanda na sani,
Ina murna duk wanda ban manta ba.
Wanda ya sa ka maimaita sunan haja,
Ko da zagi ne, bai rage mata ciniki ba.
A 2010 Oscar suka ba shi,
Masu kasuwa ba su yi asara ba.

Malam Na-Ƙofa:
Ɗana, murnar nan taka ita ce ciwon,
Ita suka so ka gani tun fari.
Koma ka duba yadda ya ƙare:
Ƙasa ta girgiza, ta tsage da ƙarfi da sauri,
Man fetur ya ɓalle ya malale titi,
Teku ta zo ta haɗiye gari.
'Yar tallan man Esso da yaron nan suka tsira,
Su biyu rak a kan ɗan tsibiri.
Hoto ya ja baya har cikin taurari,
Can ma Milky Way ce, wani tambari.

Hajiya Uwar Biyu:
Auta bai yi ƙarya ba, Malam, a bar shi.
Ni ma abin ya shiga bakina.
Kowane garin wanki Omo nake ce masa,
Kowane ɗunƙule Maggi ne a miyata da girkina.
Gobe da safe zan riƙe hannun 'yata,
Mu je gun mai daddawa ta layina,
Wadda ke ƙulla ta a leda ba rubutu,
Ta shinshina, in faɗa mata suna.