Shekara tara kafin mutum ya zama mai kemis?

Ɗan Anguwar Rogo: Salamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake. Ƙanwata ta shiga jami'a karatun haɗa magunguna a 2018, aka ce mana shekara biyar ne. Yajin aikin ASUU na 2020 ya haɗu da korona, na 2022 ya ci wata takwas, sai da ta kwashe shekara bakwai. Farar rigarta ta ɗakin gwaji har wuyan ya ƙoƙe saboda wanki. Mahaifiyarmu keken ɗinkinta ta sayar a shekarar ƙarshe. Yanzu kuma ga shekarar horo, ga bautar ƙasa. Ana cikin haka na ji sabon tsarin digirin haɗa magunguna, wato PharmD, shekara shida ne ma. A Amurka akwai makarantun da ake gamawa a shekara uku. Me zai hana a taƙaita mana a nan? Shekara tara fa, don kawai mutum ya zama mai kemis!

'Yar Rikkos: Wa alaikumus salam. Yaya, don Allah ka janye kalmar nan. Ƙanwarka ba mai kemis ba ce. Mai kemis lasisin sayar da ƙananan magunguna yake da shi, a cikin kwalinsu yadda kamfani ya rufe su. Mu kuwa da muka karanta haɗa magunguna, hukumar PCN mai kula da wannan sana'a a Najeriya ce ke yi mana rajista bayan digiri da horo. Likita ya rubuta maganin da zai yi karo da wani, mu ne za mu ɗaga waya mu ce a sake dubawa.

Alhaji na Gangare: 'Yata, me kemis ya yi miki? Shekara 27 ina bayan kanta. Lokacin rikicin Jos na 2008 da aka sa dokar hana fita, wa ya riƙa miƙa wa mutane maganin zazzaɓi ta taga da tsakar dare? Ban ga mai farar riga ko ɗaya a layinmu ba.

'Yar Rikkos: Baba, Allah ya ba ka haƙuri, ban raina sana'arka ba. Cewa na yi aikin daban ne.

Alhaji na Gangare: Wannan "daban" ɗin shi ne rainin. Ita PCN ɗin da kike tinƙaho da ita, ai ita ce ke ba mu lasisi mu ma.

Malamin Sakandare: Jama'a mu koma kan tambayar. Shekara ukun Amurka ba daga sakandare ake farawa ba. Sai ɗalibi ya yi kamar shekara biyu yana karatun share fage a jami'a, sannan ya shiga. Kuma ba darasi suke ragewa ba, dogon hutun bazara suke cirewa, a yi ta karatu shekara ta zagayo. A Ingila shekara huɗu ne, da ɗaya ta horo. Mu a nan abin da ya yi kama da ratse shi ne karatun share fage na IJMB ko JUPEB, ka nemi gurbin shiga kai tsaye (DE) ta JAMB ka fara daga aji biyu. Shi ma in ka lissafa watannin da ka yi a can, kusan shekarar ka biya. Ni a ganina ba manhaja ce ta cinye wa ƙanwarsa shekara biyu ba, rufe makaranta ne.

Mai Waya na Tamanas: Malam bar dogon lissafi. Ni kowa ya ba ni magani mai kemis ne. Ko a babban asibiti na Lamingo, ka je tagar magani ka miƙa takarda a miƙo maka leda. Ina bambancin?

'Yar Rikkos: Bambancin yana cikin abin da aka duba kafin a miƙo maka ledar. Wata tsohuwa ta taɓa zuwa wurina da magungunan hawan jini kala biyu a ƙulle a bakin zani, ashe magani ɗaya ne sunan kamfani ya bambanta. Tana shan duka biyun safe da yamma, tana kukan jiri. A shago biyu ta saye su, babu wanda ya tambaye ta me take sha.

Alhaji na Gangare: Wane shago? Ki faɗi suna in gaskiya ne. Ba dai nawa ba.

Baban 'Yan Biyu: Masu son gajeriyar hanya ku tuna Kwatano. Ɗan jaridar Daily Nigerian ya samo digiri a can Kwatano ta ƙasar Benin a mako shida, har gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a Janairun 2024. Irin wannan kuke so ya haɗa wa 'ya'yanku magani?

Hajiya Mai Atamfa: Baban 'Yan Biyu, da wa kake? Kowa a nan ya san ɗana a waje ya yi karatu. Ba Kwatano ya je ba, kuma da ya dawo sai da ya zauna horon da PCN ke yi wa waɗanda suka karanto a waje, ya ci jarabawarsu. In magana ce da kai, fito fili.

Baban 'Yan Biyu: Wallahi Hajiya ban tuna da ɗanki ba. Amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Hajiya Mai Atamfa: To na gode. Ranar da ka zo neman a duba maka takardar maganin mahaifinka ba ka tuna da kaza ba.

Nas ɗin Dilimi: Ni abin da ya dame ni, masu shekara shidan nan yanzu "Dakta" suke so a kira su. Mara lafiya ya shigo ya ji Dakta nan Dakta can, wa zai bi?

'Yar Rikkos: Anti, sunan digirin ke nan, ba mu muka raɗa ba. Ku ma da aka ce muku "sista" ai ba ku ƙi ba.

Mai Waya na Tamanas: Duk ku bar wannan. Kodin da aka hana a 2018, a hannun su wa matasanmu suka riƙa samu?

Alhaji na Gangare: Tambayi masu manyan shaguna da kamfanoni. Mu katan nawa muke iya saye?

'Yar Rikkos: Baba, in aka buɗe wannan babin babu wanda zai fita da farar riga, har da ɓangarenku.

Ɗan Anguwar Rogo: Jama'a ni fa shekaru nake magana. Ƙanwata ta karanta abin da kuka rubuta, ta ce kalmar kemis ɗin nan ta fi shekara bakwan yi mata ciwo. Yanzu ko gaisuwata ba ta amsawa.

Shugaban Zaure: Na bi duk abin da aka faɗa, zan rufe nan saboda lokacin isha'i ya yi. Abin da na fahimta, mafi yawanmu sun yarda kalmar kemis ba zagi ba ce, kuma masu kemis su ne gatan talaka a unguwanninmu. Ni kaina da kuɗin shagon maganin mahaifina aka biya min makaranta, don haka na san abin da nake faɗa. 'Yar Rikkos ƙanwata ce, amma ya kamata ta ba Alhaji haƙuri a karo na biyu, tunda labarin tsohuwar nan ba ta kawo shaida a kansa ba. Baban 'Yan Biyu da Hajiya ku same ni gobe bayan la'asar. Batun taƙaita shekaru kuwa, Malam ya riga ya nuna shekara ukun Amurka ma sai bayan karatun share fage a jami'a ake yinsu. Duk wanda ya sake ɗaga maganar yau zan cire saƙonsa.