Kuɗin cizo ya hana mu barci a hostel, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aji biyu a jami'a, ɗakinmu na mutum huɗu ne amma mu bakwai ke kwana, da waɗanda suka raɓe. Tun farkon zangon nan kuɗin cizo ya addabe mu. Mun shanya katifu a rana, mun zuba ruwan zafi a ramukan gadon ƙarfe, mun shafa kalanzir a tsagar bango. Kwana goma sai su dawo, ina jin daga ɗakin maƙwabta suke shigowa, su kuwa ko a jikinsu.

Piya-piya ba zai yiwu ba, ɗayanmu na da asma. Ga jarrabawa saura mako uku. Don Allah wanda ya taɓa rabuwa da su, me ya yi amfani da shi?