Neman shawara: littafin motsa jiki zai sauke mini tumbi?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni tela ne a wani ƙauye kusa da Gumel, shekaruna 38. Wuni nake a kan keke, tumbi ya fito, ko buhun gero na ɗaga sai haki. Na ga wani littafin koyon motsa jiki a Kano mai hotuna, ina so in saya, amma yayana ya ce asarar kuɗi ce. Don Allah yana da amfani?

Amsar wani malamin wasanni:
Wa alaikumus salam Malam. Yana da amfani idan ka iya zaɓe. Buɗe shi kafin ka biya. In ka ga jadawalin mako-mako da ke farawa da sauƙi yana ƙaruwa a hankali, saya. In kuwa duk shafi injunan gidan motsa jiki ne, ko an yi alkawarin tumbi zai baje cikin kwana goma, ajiye musu kayansu.

Abin da littafin kirki zai faɗa maka bai wuce wannan ba: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu. Wato tafiya da sauri minti 30, kwana biyar. Ma'aunin saurin: kana iya magana, amma ba ka iya rera waƙa. A kwana biyun nan, tsuguna ka miƙe sau 10, ka huta minti ɗaya, ka maimaita har zagaye uku. Sannan ka dafa katanga da hannu biyu, ka kai ƙirji kusa da ita ka turo kanka baya, shi ma haka. Nauyi kuma ga jarka: litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, ka fara da galan mai lita 5 a kowane hannu.

Inda littafi ya gaza shi ne ba ya ganinka. Mutum ya duba hoto ya tsuguna dunduniya a sama, gwiwoyi sun karkato ciki, baya a lanƙwashe, bayan mako biyu ƙugu ya riƙe. Sa yaro ya ɗauke ka bidiyo a waya daga gefe, ka gwada da hoton.

Amsar wata ma'aikaciyar lafiya:
Ɗan'uwa, kafin komai je asibitin sha-ka-tafi a auna hawan jininka. In ya kai 140/90 ko fiye, ga likita tukuna. Kar ka riƙe numfashi yayin ɗaga nauyi, yana cilla jini sama. Tsamin jiki na kwana biyu ba komai ba ne, amma ciwon ƙirji, jiri ko suka a gaɓa, tsaya nan take.

Amsar wani ɗan'uwa daga Ringim:
Ku ƙara masa da batun ci. Atisayen ciki kaɗai ba ya narkar da kitsen tumbi, jiki gaba ɗaya yake ragewa. Littattafan nan abincin Turawa suke lissafowa, kai kuwa wake, awara, ƙuli-ƙuli, ƙwai da nono sun ishe ka. Rage malmalar tuwon dare, ka bar lemon kwalba, sukarin shayi da na fura ya koma rabi. Da bazara kuma bayan Asuba za ka fita, kafin rana ta take. Tef ɗin awonka na nan a wuya: auna daidai cibiya duk Juma'a da safe, ka rubuta a bangon littafin.